Kakin da Inna Ta Riƙa Binnewa a Toka

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Yake jarraba bayinsa da ciwo, Yake kuma ajiye maganin a inda Ya so. Na rubuta wannan ne bayan rasuwar mahaifiyata, domin duk wanda ke da mai tari a gidansa ya karanta kafin ya kai inda muka kai.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Lafagu, a ƙasar Bagudo. Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, manomin shinkafa ne a fadama. Inna kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mu biyu ne 'ya'yanta maza: Yaya Umaru, ɗan fari, mai shagon kayan babur a bakin hanya, sai ni auta. Matan da ke tsakaninmu duk aure ya kai su nesa.

Akwai abin da ya kamata wanda bai san gidajenmu ba ya sani tun yanzu. A wurinmu iyaye suna kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, "yayanku" take cewa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta dariya da ƙarfi idan yana tsakar gida, idan kuma za ta ba shi saƙo sai ta dubi bango ta faɗa kamar da wani take magana. Baba ma haka yake da shi. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san wanda ake ajiye wa tsokar da ta fi kyau. Haka muka tashi muka tarar, ba mu taɓa ɗaukarsa abin tambaya ba.

Ciwon ya fara ne da bazara, ina kudu ina bautar ƙasa. A waya na fara jin sa. Muna cikin gaisuwa sai ta yi shiru, na ji ta kawar da wayar, sannan ta dawo da murya a dishe.

"Inna, wannan tarin fa?"

"Mura ta, Auta. Kai dai ci abinci, an ce mutanen can ba su san tuwo ba."

A makonnin farko an yi abin da kowa ke yi. An je kemis an sayo maganin zazzaɓin sauro da na tari mai zaƙi, domin kullum da yamma jikinta yana zafi, da safe kuma a tarar da shimfiɗarta ta jiƙe da gumi. Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta, ta ce sanyin fadama ne da hayaƙin suyar ƙuli-ƙuli. Ta haɗa citta da kanumfari da zuma, ta shafe mata ƙirji da man shanu. Ban raina ƙoƙarin Gwaggo ba, ita ce ta yi ta ɗawainiyar ɗakin nan daga farko har ƙarshe. Amma wata ya wuce tarin bai tafi ba, Inna kuwa ta fara ɗaura zane tana zagayowa da shi fiye da yadda ta saba.

Yaya ne ya ce a je asibiti. Shi ke da babur, shi ke da abin hannu, kuma ba mutum ne mai aika wani a kan lamarin uwarsa ba. Ya kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikacin da ya duba ta ya yi abin da ya dace: ya ce duk tarin da ya haura mako biyu sai an gwada kaki, watau abin da mutum ke kakarowa daga can cikin ƙirji, domin a duba ko tarin fuka ne, wanda mutane ke kira tibi. Ya ba su 'yar roba mai jan murfi, ya ce gwajin kyauta ne, su zagaya bayan ginin ta yi tari ta tofa a ciki. A ranar jiri take ji, saboda haka Yaya ya riƙe mata hannu har bayan ginin, ya tsaya a kanta har ta gama, ya karɓi robar ya kai. Su ba su da injin gwajin a nan, tarawa suke yi mai babur ya kai wani gari. Bayan 'yan kwanaki takarda ta dawo: ba a ga ƙwayar cutar ba.

Yaya ya kira ni yana murna. "Ba tibi ba ne, Nasiru! Injin da kanshi yac ce." Ni ma na yi hamdala. Dole mu yi murna, domin a ƙauye idan aka ce wance tana da tarin fuka, an ware mata kwano ke nan, kuma ba mai sake sayen abin da ya fito daga hannunta.

Wannan takarda ce ta buɗe wa kowa baki. Tunda asibiti ya ce ba shi ne ba, kowa ya zama likita. Kawu Manu, ƙanin Inna, ɗan kasuwa ne da ke tsallaka iyaka zuwa kasuwannin Benin, ya zo ranar wata Juma'a da kwalin ƙwayoyi masu rubutun Faransanci. Gwaggo ce ta ba ni labarin zuwansa, har da kwaikwayon muryarsa.

"Ku bar maganin Najeriya, alli ne sunka daka. Wanga na Faransa ne. Wani direba da nis sani, hanji kaɗai ya rage bai tofar ba, kwana ukku yat tashi."

"To kai Manu mi ya hana ka sha, ka bar yi muna minshari a zaure?" in ji Gwaggo.

Aka yi dariya, aka ba Inna. Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne maganin ya yi kamar ya yi aiki. Zazzaɓin ya sauka, ta ci tuwo, har ta fita ta zauna kusa da masu matsar mai tana yi musu gyara. Kawu ya riƙa tafiya a garin kamar shi ya ƙera ƙwayar. Kwalin yana ƙarewa, ba a jima ba, ciwon ya dawo fiye da da. Daga baya likita ya gaya mini cewa irin wannan maganin yana cikin waɗanda ke sumar da ƙwayar tarin fuka ba tare da sun kashe ta ba. Mai ciwo ya ji sauƙi, iyalinsa su saki jiki, ita kuwa tana can tana cin huhu.

Da aka koma ƙaramin asibitin, ma'aikacin nan hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce a sake gwajin, amma wannan karon a tafi da robar gida, domin kakin farkon safiya ya fi tara ƙwayar cuta. Washegari bayan sallar asuba Yaya ya zo da babur, ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana cewa a hanzarta kada mai kai saƙon asibiti ya wuce. Inna ta miƙo robar ta bayan labule. Takarda ta biyu ta dawo da amsa irin ta farko.

Daga nan maganar ta bar hannun asibiti. Aka fara cewa sammu ne, aka fara cewa iska ce ta bakin kogi. Damina ta sauka, hanya ta lalace, amma haka aka goya ta a babur aka tsallaka da ita iyaka zuwa wurin wani mai magani a wajen Segbana, wanda ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki har ta kusa shiɗewa, ya kuma ce kada a bari allura ta taɓa jikinta. Ragon da Baba ke kiwo domin layya a can ya tafi, da buhunan shinkafar da aka ajiye na ci. Ba na ƙin addu'a, ba na ƙin rubutu, mun yi su kuma muna kan yi. Abin da nake ƙi shi ne mutumin da zai dubi tsohuwa numfashinta na fita da ƙyar ya ce a nisanta ta da likita.

Na gama bautar ƙasa na dawo a tsakiyar damina. A waya kullum ce mini ake yi da sauƙi. Da na shiga gida na tarar da wata tsohuwa a kan tabarma an jingina ta da bango, sai da ta ce "Auta" na tabbata ita ce. Awarwaron da ke hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Na gaishe ta kamar yadda aka saba, na fita bayan gida na tsaya, domin ban so ta ga fuskata ba.

Na ce wa Yaya mu kai ta babban asibiti a cikin gari. Ya ɗauko takardun nan biyu ya nuna mini, ya ce me za su gaya mana da injin bai faɗa ba. Amma bai yi gardama ba. Ya nemo mota, muka tafi mu uku.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da mara lafiya ba ba zai gane ba. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, kuma a kowane sai an samu mai cewa shi tun jiya yake nan. Benci ya cika, muka shimfiɗa wa Inna ɗankwali a ƙasa. Wata mata daga Zagga da ta kawo mijinta ta matsa mata, ta ba ta ruwa a murfin kwanonta ba tare da ta tambayi abin da ke damunta ba. Allah Ya saka wa wannan baiwar Allah, ban ko san sunanta ba.

Likitan matashi ne, gajiya a fuskarsa. Ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya tura mu hoton ƙirji, ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mini wasu wurare a saman huhun dama kamar inda gara ta ci katako. Yaya ya miƙa masa takardun. Ya karanta, ya ajiye, ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Takardun nan ba su ce babu ba. Cewa suka yi ba a gani ba. Inji yana duba abin da aka ba shi ne kawai."

Ya rubuta a sake gwajin kaki a nan ɗakin gwaje-gwajensu. Aka ba mu roba. Yaya ya riƙe hannun Inna suka zagaya baya, ni kuwa na tsaya riƙe mana layi. Da suka dawo na karɓi robar na kai taga.

Mai kula da ɗakin wata mace ce da ake kira Madam Gires. Iyayenta 'yan kudu ne, amma a Bagudo aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta sa safar hannu, ta ɗaga robar a haske, ta karkata ta. Abin da ke ciki ya gangaro kamar ruwa, da 'yar kumfa a kai.

"Ɗan'uwa, wannan miyau ne. Ba kaki ba ne."

Na ce ai da irinsa aka yi gwaji har sau biyu. Na juya na tambayi Yaya, ya ce ƙwarai, haka na baya suke, fari tas. Madam ta dube mu, ta dubi layin da ke bayanmu, ta ce in dakata ta sallami mutane. Da ta samu sarari sai ta shafa ɗan abin a kan siririn gilashi, ta busar, ta zuba masa rini, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta ce in sa ido ɗaya kada in taɓa komai.

Na ga wasu abubuwa faffaɗa, shimfiɗe kamar ɓawon albasa, sun cika wurin.

"Waɗannan daga fatar cikin baki suke," in ji ta. "Kowa na da su, har ni. Da daga huhu abin nan ya fito, da ka ga ƙananan ƙwayoyin mugunya, dunƙule-dunƙule, su ne sojojin jiki da ke faɗa da ciwo. Baki kasuwa ne, ƙwayoyin halitta iri-iri ke zaune a ciki ba su cutar da kowa. Wadda muke nema tana can ƙasa. In ka kawo mini miyau, ka aike ni neman ɓarawo a gidan maƙwabcinsa."

Na tambaye ta ko ba za a ba Inna magani mai ƙarfi kawai a huta ba. Ta ce tari ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mura, wanda ƙwayarsa ko a madubin nan ba a ganinta, kuma kafso ba ya yi mata komai. Akwai na ciwon haƙarƙari, wanda ke kama mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, shi ana shuka kakin a faranti ƙwayar ta tsiro a gane wace ce, a gwada maganin da ke kashe ta. Akwai kuma tarin fuka, mai tafiyar hawainiya, wanda ƙwayarsa ke da kauri kamar an shafe ta da kakin zuma, sai da rini na musamman ake ganinta, maganinta kuma na watanni ne. Ta ce kowane da makaminsa, kuma ba a zaɓen makami sai an ga fuskar abokin gaba. Ta ba ni sabuwar roba, ta ce gobe da safe: ta kuskure baki da ruwa zalla, ta fita fili, ta ja numfashi mai zurfi sau da yawa, sannan ta kakaro daga ƙirji.

"Mama tana fitar da kaki kuwa in tana tari?"

Yaya ya ce shi bai taɓa gani ba, tarinta busasshe ne. Ni kuwa tun da na dawo nake jin tarin nan ta bango, kuma ba ƙarar busasshen tari ba ce.

Mun isa gida da la'asar. Yaya ya wuce shago. Na ɗauki tsintsiya na zagaya bayan ɗakin Inna, inda ba mai zuwa sai ita, kamar zan share. A gindin katanga na tarar da wani tsohon kasko cike da toka. Na tona da tsinke. Abin da ke ƙarƙashin tokar ba zan siffanta shi duka ba: mai kauri ne, ruwan ɗorawa da kore, da jan jini a jikinsa, sabo da tsoho.

Na shiga na zauna a bakin tabarmarta. Gwaggo ta fita ɗebo ruwa.

"Inna, na ga kaskon."

Ta shiga wasa da bakin zanenta.

"Tun yaushe jinin?"

"Tun kahin ruwan hwari."

"To don me ba shi kika sa a robar ba? Shi suke nema, Inna. Shi kaɗai."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Auta, kana da hankali kuwa? Yayanka na tsaye bisa kaina, in buɗe baki in yi kaki gabanai awa tsohuwar akuya? Kuma in ɗauki wagga ƙazanta, da jini da komi, in miƙa mai ya sa aljihu ya hau babur da ita? Ni da ko ruwa ban taɓa sha ba gabanai?"

"Ranar da aka kawo robar gida fa? Ai yana waje."

"Na riga na hidda shi tun wurin alwala, na rufe. Da yaz zo sai na ba shi mai tsabta. Na ce in dai injin na da ilimi, ai duk daga jiki guda sunka hito."

Ba wauta ta yi ba a ganinta, mutunci ta kiyaye, irin wanda aka koya mata tun tana yarinya, aka kuma yabe ta a kansa shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa gaya mata bambancin miyau da kaki a wurin masu gwaji, ba kuma wanda ya tambaye ta wa take so ya raka ta. Ta kama hannuna da yatsunta masu zafi.

"Kada ka hwaɗa mai. Shina ɗora ma kainai. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Da safe na fitar da ita bayan ɗaki, na ba ta ruwa ta kuskure baki, na koma gefe inda iska ba ta busowa wajena kamar yadda Madam ta ce. A gabana ba ta jin nauyin komai, ni ne wanda ta yi wa wanka har na yi wayo. Ta yi tari har sai da ta dafa katanga. Na rufe robar, na naɗe a leda, na ari babur ɗin Yaya da cewa an ce a sake kawowa, na bi laka zuwa gari.

Madam ba ta ko karkata robar ba. "Yawwa. Wannan shi ne." Ta zuba wani ɓangare a injin, ta shafa wani a gilashi. Kafin azahar ta kira ni ciki. A wannan karon filin shuɗi ne, a kansa kuwa ga wasu 'yan sanduna jajaye, sirara, wasu a karkace, wasu a tare kamar an watsa tsinken ashana. Duk inda ta juya gilashin suna nan. Ban taɓa ganin abu ƙarami haka da na tsana ba. Injin ma ya tabbatar: tarin fuka ne, ƙwayar tana da yawa, amma ba mai gagarar magani ba ce. Madam ta ce wannan na ƙarshe abin godiya ne. Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Da dai an zo da wuri."

Aka kwantar da Inna a asibitin. Maganin kyauta ne kamar yadda aka faɗa, kuma ban taɓa ganin an nemi ko sisi a kansa ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Sai dai abinci ba kyauta ba ne, hanya ba kyauta ba ce, ƙarin jini da iskar numfashi ba kyauta ba ne. Yaya ya kwashe rabin kayan shagonsa ya sayar a kan asara. Ma'aikatan jinyar ɗakin sun yi mana kirki, akwai wadda ke zama ta lallashi Inna ta haɗiye ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kuma gargaɗe mu tun farko cewa fitsari zai koma ja, kada mu tsorata. Amma na ga ranar da wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya, muka koma fifita da kwali, na kuma ga ranar da aka ce tukunyar iskar guda ce, wani ya riga mu. Ban san wanda zan kai wa wannan kuka ba, shi ya sa na rubuta shi a nan.

An ce duk wanda ke zaune da ita a duba shi. Ni da Yaya da Gwaggo aka duba mu, ba a ga komai ba. Baba ya ce shi ba ya tari, ga ciyawa ta cinye shinkafa, a bar shi.

Mako na biyu na magani zazzaɓin ya sauka. Ta nemi fura, ta tambayi wa ke kula da tukwanen manta, har ta yi wa Kawu Manu tsiya da ya zo dubiya, ta ce ina direban nan nasa. Kawu ya sunkuyar da kai, bai iya dariya ba. Na fara lissafin ranar komawa gida. Likitan ne kaɗai bai saki fuska ba. Ya ce magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya mayar da naman da ta riga ta cinye, kuma ramukan nan suna kusa da jijiyoyin jini.

Abin da yake tsoro shi ya faru. Wata ranar Talata da hantsi, ina ba ta koko, tari ya sarƙe ta, jini ya ɓalle. An yi abin da za a iya. Yaya yana bakin ƙofar ɗakin, bai shigo ba sai da Gwaggo ta fita ta jawo shi. Inna ta cika kafin azahar, da kalmar shahada a bakinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Na riƙe alkawarina. An yi makoki, an yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in, ban ce komai ba. Sau biyu Yaya yana tambayata, shi abin da bai gane ba, me ya sa injin ya gani a robar da na kai bai gani a nasa ba. Na ce masa ikon Allah. Ya ce haka ne.

Da kaka ta yi, muna masussuka ana bugun shinkafa, na ji Baba yana tari. Na ce ƙaiƙayi ne. Bayan mako biyu yana nan, kuma na lura ya daina cinye tuwonsa. Na gaya wa Yaya. Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, washegari da sassafe sai ga shi da babur a ƙofar gida, ya sa hular sanyi, yana cewa a gaya wa Baba ya fito, wannan karon ba za a yi sake ba, shi da kansa zai tsaya a kansa har a gama.

Baba yana zaure yana neman takalmi, idonsa a ƙasa, bai dubi wajen da Yaya yake ba. Na ga ya haɗiye kakin da ya taso masa, ya gyara murya a hankali.

Na fita na tsaya a gaban babur ɗin.

"Yaya, ba ni makullin. Ni zan kai shi."

"Kai da ba ka iya laka ba? Matsa."

"Ba za ka je ba. Ko asibitin kada ka biyo mu."

Ya kashe babur ɗin. A rayuwata ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, "Mi ka hwaruwa, Nasiru?"

Na ja shi gindin bedin da ke gefen masallaci, na gaya masa komai: kaskon, da tokar, da abin da Inna ta ce, da alkawarin da ta sa na ɗauka. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, yana buɗe shi yana rufewa.

"Ni ina cewa taimakonta nika yi," in ji shi. "Na riƙe ta don kada ta hwaɗi."

"Ta sani. Shi ya sa ta ce kada in faɗa."

Ya ciro makullin ya sa mini a tafin hannu. Ya ce in bi ta hanyar sama, ta ƙasa ruwa ya cinye ta. Ya ce akwai mai a tanki. Sannan ya juya ya nufi fadama a ƙafa, inda ba shi da aikin komai a ranar, domin kada Baba ya fito ya same shi a ƙofa.

An ga ƙwayar a kakin Baba tun gwajin farko. Likita ya ce huhunsa bai yi nisa da lalacewa ba. Yau yana cikin wata na huɗu na magani, ni ke kai shi karɓa, Yaya ke zuba mai. Yaya ne kuma ya ba ni izinin rubuta wannan, da sunansa a ciki. Har yanzu ba ya iya bi ta bayan ɗakin Inna.

Wanda za a gwada wa kaki, a gaya masa da Hausar da zai gane cewa mai kaurin ake so, mai munin, ko da jini a ciki. A tambaye shi a keɓe wa yake so ya raka shi, wa kuma yake so ya ɗauki robar. Idan takarda ta ce ba a gani ba alhali mutum yana ramewa, a koma. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya gafarta wa Inna, Ya sanyaya zuciyar Yaya Umaru.